Gidajen Haruffan Girka: Me Ƙungiyoyin 'Yan'uwantaka ke Yi wa Ɗalibi a Jami'o'in Amurka?

  

Yau Amurka muka nufa. Duk wanda ya taɓa zagaya wata babbar jami'a a can, ko ya gani a fim, ya san wani layi na manyan gidaje a gefen makaranta. Kowane gida da haruffa biyu ko uku a goshinsa, manya-manya. Haruffan Girkanci ne: alfa, beta, sigma da sauransu. Gidajen nan na ƙungiyoyin ɗalibai ne. Ta maza ana ce mata furataniti, ta mata kuma sororiti. Mu a wannan shiri za mu riƙa cewa ƙungiyar 'yan'uwantaka, domin 'ya'yanta da ɗan'uwa da 'yar'uwa suke kiran juna, kuma wanda ya shiga ya shiga ke nan har tsufa.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Da ruwanmu. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, 'yan Najeriya sama da dubu 20 ne ke karatu a manyan makarantun Amurka, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya. Ga na Gana, ga na Kamaru, ga na Nijar. Wata rana waya za ta yi ƙara a Kano ko a Maraɗi, yaro ya ce, "Baba, wata ƙungiya ta gayyace ni, in shiga?" Ya kamata uba ya san abin da ake tambayarsa.

Bari mu fara da asali, a taƙaice.

A watan Disamba na 1776, wasu ɗalibai a Kwalejin William da Mary, a jihar Virginia, suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Phi Beta Kappa. Muhawara da rubutu suka tara su. Suna da rantsuwa, da wata gaisuwar hannu da su kaɗai suka sani. Irin ƙungiyoyin da muke gani yau, na zaman tare da hira da liyafa, sun soma ne a 1825 a Kwalejin Union da ke jihar New York. Mata suka bi sahu daga baya. A 1870 aka kafa Kappa Alpha Theta a jihar Indiana, lokacin da mace a ajin jami'a abin kallo ce.

A wancan zamani waɗannan ƙungiyoyi na fararen fata ne, kuma da yawansu sun rubuta haka ƙarara a cikin dokokinsu. Sai baƙaƙen fata suka kafa nasu. Alpha Phi Alpha ta fito a Jami'ar Cornell a 1906, kuma a cikinta Martin Luther King ya yi rajista daga baya. Alpha Kappa Alpha ta mata ta fito a Jami'ar Howard a 1908, ita ce ƙungiyar Kamala Harris. A yau manyan ƙungiyoyin baƙaƙen fata guda tara ne. Ɗaya daga ciki, Phi Beta Sigma, tana ƙirga Kwame Nkrumah na Gana da Nnamdi Azikiwe na Najeriya cikin 'ya'yanta, tun zamanin da suke Amurka.

Na san abin da ke ran wasunku a yanzu. Kuna cewa, wannan ai ƙungiyar asiri ce. To, akwai dangantaka, akwai kuma bambanci. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙi da girman kai da ƙabilanci. Daga baya aka yi ta ɓallewa, wasu ƙungiyoyin suka tsiro, makamai suka shigo. A ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Na Amurka ba haka suke ba. Mafi yawansu suna da rajista da jami'a, an san shugabanninsu, akwai ofishin da ke sa musu ido, kuma ɗan ƙungiya yana yawo da harafinsa a ƙirjin riga. Amma suna da nasu sirrin, musamman a daren karɓar sababbi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu sai kashi na biyu: me ke jan yaro ya shiga?

Ku ɗauki yarinya 'yar shekara 18, ta sauka a jami'a mai ɗalibai dubu 40. Ajin farko da ta shiga, mutum ɗari uku ne a zaune. Malami bai san sunanta ba. A ɗakin cin abinci ta ɗauki farantinta tana waige-waige, ba ta san inda za ta zauna ba. Sanyi ya shigo, gida ya yi nisa. Ana cikin haka sai makon zaɓen sababbi ya zo. Ta zaga gidaje, aka yi hira da ita, wani gida ya miƙo mata takardar gayyata. Cikin mako guda ta samu mutum tamanin da suka san sunanta. Aka haɗa ta da wata babba da za ta riƙa duba ta, kamar dai uwar ɗaki da 'yar ɗaki a makarantun kwana na 'yan mata a nan gida. Ita za ta gaya mata wane malami ne mai tsanani, wane littafi za ta saya, wane za ta ara.

Kada ku raina wannan. Kaɗaici yana korar ɗalibi daga jami'a kamar yadda rashin kuɗi ke kora. Tun 1975 wani masani mai suna Vincent Tinto ya yi bayani cewa ɗalibin da bai samu gindin zama a cikin jama'ar makaranta ba, shi ya fi saurin tattara kayansa. Bincike da dama sun nuna 'ya'yan waɗannan ƙungiyoyi sun fi sauran ɗalibai daurewa har su kammala.

Sannan akwai aiki. Gidan nan ɗaliban ne ke tafiyar da shi. Akwai shugaba, akwai sakatare, akwai ma'aji. Yaro ɗan shekara 20 yana riƙe da asusun dubban daloli. Shi zai bi 'yan'uwansa bashin kuɗin zango, ya biya mai dafa abinci, ya zauna gaban jami'in jami'a ya ba da ba'asi idan an yi laifi. Duk mako ana taro, ana gardama, ana jefa ƙuri'a. Wanda bai taɓa magana a gaban mutum biyar ba sai ka ga ya iya tsayawa gaban hamsin. Wannan ilimi ne da ba a koyarwa a aji.

Mu shiga kashi na uku, wanda shi ne zuciyar shirin: me masu bincike suka gano?

A nan akwai abubuwa biyu da nake so ku raba su a ranku. Na farko shi ne shiga harkoki, wato yawan lokaci da ƙarfin da ɗalibi ke zubawa a rayuwar makaranta. Na biyu shi ne ci gaban ɗalibin kansa, wato ko tunaninsa ya ƙara kaifi, ko halinsa ya gyaru. Shiga harkoki daban, ci gaba daban. Ina maimaitawa: shiga harkoki daban, ci gaba daban.

A kan na farko, kusan babu gardama. Tun shekarar 2000 Jami'ar Indiana take gudanar da wani babban jin ra'ayin ɗalibai a ɗaruruwan makarantu, ana tambayarsu yadda suke kashe lokacinsu. Masana irin su George Kuh da Gary Pike sun duba amsoshin. Sun ga 'yan ƙungiyoyin nan sun fi shiga ayyukan da ba na aji ba, sun fi aikin sa kai, sun fi aiki tare da 'yan'uwansu ɗalibai. A 2014 kamfanin Gallup ya tambayi kimanin mutum dubu 30 da suka gama jami'a. Cikin tsofaffin 'yan ƙungiya, kashi 43 cikin ɗari ne aka samu suna aikinsu da zuciya ɗaya. Cikin waɗanda ba su shiga ba, kashi 38. Akwai tazara, amma ba mai yawa ba ce. Kuma ku sani, da haɗin gwiwar uwayen ƙungiyoyin aka fitar da wannan rahoto.

A kan na biyu kuwa, labari ya sha bamban. A 1996 Ernest Pascarella da abokan aikinsa suka ba ɗalibai jarrabawar fahimtar karatu da lissafi da zurfin tunani, a farkon shekararsu ta farko da kuma ƙarshenta. Samarin da suka shiga ƙungiya a wannan shekarar sun kasance a bayan takwarorinsu, musamman fararen fata. Da aka bi su zuwa shekara ta biyu da ta uku, giɓin ya ragu sosai. Wato ɓarnar a shekarar farko ta fi yawa, lokacin da yaro bai gama sanin hanyar ɗakin karatu ba, ga ƙungiya tana cinye masa dare.

Maki fa? Wasu masana tattalin arziki sun bi tsofaffin ɗaliban wata kwaleji guda, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun ce shiga ƙungiyar maza tana rage wa ɗalibi kusan 0.25 a ma'aunin maki mai hawa huɗu, amma tana ƙara masa kuɗin shiga da kimanin kashi 36 cikin ɗari a rayuwarsa ta gaba. Wannan adadi ya yi ta yawo a jaridu. Sai wasu masana biyu, William Even da Austin Smith, suka duba wata jami'ar daban. Su ma sun ga maki ya faɗi, musamman a zangon da ake karɓar sababbi. Ƙarin albashin kuwa ba su gan shi ba. Kun ga inda bakinsu ya zo ɗaya: maki yana sauka. Inda suka rabu shi ne batun kuɗi.

Akwai wani tarko a duk wannan lissafi, kuma ina so ku gane shi da kyau. Ƙungiya zaɓar mutane take yi. Kuɗin zango kan kai ɗaruruwan daloli, a wasu gidajen ma dubbai, ban da tufafi da tafiye-tafiye. Wa ke iya biya? Ɗan mai hali. Wa ke burge masu zaɓe? Mai baki, mai fara'a, wanda dama ya saba da mutane. To idan bayan shekara goma ka tarar da shi manaja a banki, ƙungiya ce ta kai shi, ko gidan da ya fito? Masu bincike na gaskiya suna ƙoƙarin cire wannan daga lissafi, kuma sau da yawa idan suka cire, sai alfanun ya ƙanƙance. Don haka idan aka karanto maka jerin shugabannin ƙasa da sanatoci da suka fito daga waɗannan gidaje, ka tambayi kanka su waye iyayensu.

Wani masani, Alexander Astin na Jami'ar California, ya shafe shekaru yana bin ɗalibai, ya kai ga cewa babu abin da ke sauya ɗalibi kamar abokan zamansa. Mu dama mun san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiya tana ɗaure ka da abokan zama ɗauri mai ƙarfi. Abin da suke yi da darensu, shi za ka koya.

Wannan ya kawo mu kashi na huɗu. Iyaye, a nan nake roƙon ku ƙara kasa kunne. Za mu tsaya a jami'a guda, a wata guda.

Jami'ar Penn State, a jihar Pennsylvania. Watan Fabrairu na 2017.

A daren 2 ga wata, wani ɗalibin injiniya ɗan shekara 19 mai suna Timothy Piazza ya je gidan Beta Theta Pi domin bikin karɓarsa. A takarda, gidan ya haramta giya. A zahiri, an jera sababbi aka sa su bi layi suna sha. Masu gabatar da ƙara sun ce an ɗura masa giya har sau 18 cikin minti 82. Ya faɗo daga matakalar da ke sauka ɗakin ƙasa. Aka ɗauko shi aka shimfiɗe a kujera. Kyamarorin gidan suna ɗauka. Wani yaro ya ce a kai shi asibiti, aka hankaɗe shi jikin bango. Dare ya raba, kowa ya kama gabansa. Ba a kira motar asibiti ba sai da safe, bayan kusan awa 12. Ya rasu ranar 4 ga wata.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne awa 12 ɗin nan. Gidan cike yake da samari masu waya a aljihu, masu kiransa ɗan'uwa. Tsoron kada a rufe gida ya rinjayi tsoron kada rai ya fita. Biyayyar da ake yabon ƙungiya da ita, ita ce ta rufe musu baki.

Bayan kimanin mako biyu, a wannan jami'a, aka yi taron da ake kira THON. Ɗaruruwan ɗalibai suna tsaye awa 46, babu zama babu barci, domin tara kuɗin jinyar yara masu ciwon daji. A wannan shekarar sun tara sama da dala miliyan 10. Su wa suka ƙirƙiro shi? Majalisar ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ta maza ta jami'ar, a 1973. Yau ɗalibai iri-iri ne ke cikinsa, amma har yanzu gidajen haruffan nan suna sahun gaba wajen tara kuɗin. Makaranta ɗaya, wata ɗaya, irin ƙungiyoyi ɗaya.

Kada wani ya ɗauka abin da ya sami Timothy tsautsayi ne na dare ɗaya. Gallaza wa sababbin shiga tsohuwar al'ada ce: a hana su barci, a wulaƙanta su, a tilasta musu sha. A 2008 masu bincike biyu na Jami'ar Maine, Elizabeth Allan da Mary Madden, suka tambayi ɗalibai sama da dubu 11 a makarantu 53. Cikin 'yan ƙungiyoyin 'yan'uwantaka, kashi 73 cikin ɗari sun ce an yi musu aƙalla abu ɗaya da ya shiga sahun gallazawa. 'Yan wasannin jami'a ma haka, kusan daidai. Abin tsoron shi ne, tara cikin goma na waɗanda aka yi wa ba su ɗauke shi gallazawa ba. A wurinsu wasa ne, ko gwajin jarumta.

Giya kuwa ita ce uwar matsalar. Dokar Amurka ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba, amma a gidajen nan ake samunta. Binciken Henry Wechsler na Jami'ar Harvard a shekarun 1990 ya gano kashi 44 cikin ɗari na ɗalibai suna shan wuce kima, wato kofi biyar a zama ɗaya ga namiji, huɗu ga mace. A tsakanin mazauna gidajen ƙungiyoyin maza, adadin ya haura kashi 80. Sannan ga wani tsari da ke cutar da mata. Manyan ƙungiyoyin mata sun hana giya a gidajensu, don haka liyafa a gidan maza ake yi. Namiji ne a bakin ƙofa, namiji ne ke zuba abin sha. Bincike da yawa sun nuna 'yan matan ƙungiyoyin sun fi sauran ɗalibai mata fuskantar cin zarafi.

Batun wariya ma bai mutu ba. Sai a 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta tona yadda ake toshe wa baƙaƙen 'yan mata shiga manyan ƙungiyoyin mata na can, har da sa hannun tsofaffin 'yan ƙungiya. Shekara hamsin ke nan bayan an buɗe jami'ar ga baƙaƙen fata. Wasu kwalejoji sun ga abin ya ishe su tun tuni. Williams ta raba gari da ƙungiyoyin a shekarun 1960, Amherst da Colby suka bi a 1984.

Kashi na ƙarshe, na masu 'ya'ya a can ne, da ɗaliban da ke shirin tafiya.

A ganina, tambayar "in shiga ko kada in shiga" ta yi faɗi da yawa. Wane gida? A wace jami'a? Reshe biyu na ƙungiya ɗaya kan bambanta ƙwarai, ɗaya yana kan gaba a maki, ɗaya jami'a ta dakatar da shi sau biyu. Ƙungiyoyin baƙaƙen fata galibi ba su da manyan gidaje, sun fi karkata ga hidimar al'umma, kuma da yawa ba sa karɓar ɗalibi sai ya nuna makinsa. Duk da haka su ma an sha kama wasu rassansu da dukan sababbi. Ɗalibai Musulmi ma sun kafa tasu. A 2013 aka buɗe Alif Laam Meem a Jami'ar Texas da ke Dallas, ƙungiyar samari wadda ba giya a cikinta. Ga kuma ƙungiyoyin ɗaliban Afirka, da na Musulmi, da na Kirista, da na sana'a, waɗanda ke ba da abokai da damar shugabanci ba tare da daren gwaji ba.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya bari shekarar farko ta wuce. Kun ji abin da bincike ya nuna: shekarar farko ce ta fi illa. Ya san makaranta, ya kafa makinsa, ya ga gidajen daga waje tukuna. Wasu jami'o'in ma da kansu sun hana karɓar ɗalibi a zangonsa na farko. Idan zai shiga, ya nemi a rubuta masa kuɗin shekara gaba ɗaya. Ya tambayi awa nawa a mako ake buƙata daga sabon shiga. Jami'o'i da yawa suna buga matsakaicin makin kowane gida duk zango, ya duba. Duk gidan da ya ce akwai abin da ba za a gaya maka ba sai daren karɓa, kuma kada ka faɗa wa iyayenka, ka bar shi.

Iyaye kuma, ku gaya wa yaro tun kafin ya hau jirgi: idan ya ga wani ya faɗi ba ya motsi, ya buga lambar agaji ta 911 nan take, ko da dukan gidan za su juya masa baya. Jihohi da jami'o'i da yawa suna da dokar da ke kare wanda ya kira agaji daga hukuncin shan giya. Pennsylvania ta tsaurara tata dokar hana gallazawa a 2018, da sunan Timothy Piazza. A watan Disamba na 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i su bayyana a shafinsu na intanet sunan duk ƙungiyar da aka samu da laifin gallazawa. Uba yana zaune a Zariya zai iya ɗaukar wayarsa, ya rubuta sunan jami'ar ɗansa, ya nemo wannan rahoto, ya ga ko gidan da ya gayyaci yaron yana ciki.